Jitar Abalak

A Abalak, arewa maso gabashin Tawa, matashin makaɗin jita ba shi da kulob, gidan biki ne dandalinsa. A shimfiɗa tabarmi, a tada injin wuta, jama'a su matso har suna ganin yatsunsa suna gudu a kan tsirkiya.

A irin wannan taron Mdou Moctar ya goge, shi da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. A 2008 ya ɗauki faifansa Anar a Sakkwato, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya. Makaɗan ƙungiyar Les Filles de Illighadad ma 'yan yankin Abalak ne.

Yau Turai da Amurka na sayen tikitinsu. Masu tasowa kuwa suna nan gida, sun cancanci a je a saurare su tun yanzu.