Yadi Shida da Jikin Mace

Bahaushe ba kasafai yake kiran mace mai ƙiba a gaban idonta ba. Sai ya sakaya ya ce "mai jiki", ko ya ce ta murje, ko hutu ya karɓe ta. Lukuta da jibgegiya da tiƙeƙiya kuwa kalmomi ne na bayan ido. Ana iya kafa hujja da wannan sakayawa a ce al'adarmu tana ganin darajar cikar jiki, ko da ba ta kai ta maƙwabtanmu Zabarmawa ba, masu al'adar hangandi ta ciyar da mace har ta cika. Sai dai kasuwa ba ta san sakaya ba. Ita da awo take magana, kuma awon da ta yanke wa kowace mace shi ne yadi shida.

Turmin atamfa ke nan: falle uku, na zane da na riga da na kallabi. Lokacin da ɗaurin zane yake shi ne suturar mace, wannan awo bai cuci kowa ba, domin zane ba shi da lamba. Siririya ta naɗe shi da yawa, mai jiki ta naɗe shi kaɗan. Da aka koma ɗinkin siket da doguwar riga mai bin jiki, sai almakashi ya shiga tsakani, yadi shida ya daina isar kowa. Leshi ma ya fi tsanani, tun da yadi biyar ake yanka shi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari kuma ba ya ɓara turmi, kuma yana da hujja: ragowar babu mai saye. Saboda haka wadda take bukatar ƙarin yadi biyu, sai ta biya kuɗin shida.

A shekarar 2018 an yi ce-ce-ku-ce a Ingila kan kamfanin New Look, bayan da aka gano farashin wani wandonsa na masu jiki ya ɗara na sauran da kashi 15 cikin ɗari, har kamfanin ya ce zai sake duba farashinsa. A nan ninki ake biya, ba tare da an sa wa abin suna ba. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuwa, ninkin ya ƙara nauyi. Abayar Dubai ma ba mafita ba ce sosai, domin lambobinta, daga 52 zuwa 60, tsawo suke aunawa.

A wajen anko na ga inda abin ya fi ciwo. Gidanmu a Gwammaja yake, ba nisa da Mambayya, kuma matan danginmu galibi masu jiki ne. Shekaru Yayata da wata ƙanwar mahaifiyarmu suna haɗa kuɗi su sayi turmi uku su raba biyu, kowa ta sami yadi tara. Dabara ce mai kyau, amma tana bukatar abokiyar sirri, kuma ba kowa take da ita ba. Bara, da aka fitar da ankon bikin 'yar baffanmu, sai Yaya ta rubuta wa uwar biki a zauren WhatsApp na dangi: "Gwaggo, a yi haƙuri, in dai ba abin da ake yankawa da yadi aka zaɓa ba, mu a cire sunanmu." Kafin magariba mata bakwai sun bi bayanta, har da sirara biyu. Dillaliyar da ta riga ta yi lissafin ribarta ta yi ta ƙorafi, amma da ta ga za ta rasa cinikin mutum takwas, sai ta koma ta kawo shadda, kowa ta faɗi yadin da take so.

Telan unguwa shi ma ya ƙara nasa kuɗin, yana cewa, "Hajiya, aikinki ya fi yawa." A ganina yana da rabin gaskiya: shafi da zare sun ƙaru, amma yanka ɗaya ne, salo ɗaya ne. Yaya ta biya shi kuɗin shafin, ta hana shi sauran.

A wannan bikin ne na ga wata innarmu da ta shekara huɗu ba ta zuwa taron dangi, kullum da uzurin ciwon ƙafa. Ta zo cikin shadda yadi takwas, kuma ba ta bar filin rawa ba sai da aka kira sallar isha'i.