Daga masauki zuwa bakin ruwa a Minna: kada ka sha maganin suga tun a ɗaki

Idan biki ko taro ya kai ka Minna, da wuya ka bar garin ba a yi maka tayin gasasshen kifi ba. Jihar Neja jihar ruwa ce, ga Kainji ga Shiroro, kuma tarwaɗa da karfasa ba sa yankewa. Sai dai idan ma'aikacin otal ya ce maka wurin cin kifin bakin ruwa "nan kusa ne", tambaye shi wane ruwa yake nufi. Kogin Chanchaga yana bakin gari ta hanyar Paiko da Suleja. Madatsun Bosso da Tagwai, inda garin ke samun ruwan sha, su ma ba su da nisa. Shiroro kuwa tafiya ce ta sama da awa guda, kuma yankin ya sha fama da 'yan bindiga, don haka ba wurin da baƙo zai nufa da yamma ba ne da iyali.

Ga wanda ya sauka a Tunga ko wajen shataletalen Mobil, Keke Napep ya isa. Ka yi ciniki kafin ka shiga, ka karɓi lambar mai keken, ku tsayar da lokacin da zai dawo ya ɗauke ku. Zuwa ba ya wahala, dawowar ce matsala, domin da an yi magariba ababen hawa sai su yi ƙaranci a bayan gari. Yara kuma a sa su tsakiya, keke ba shi da ƙofa.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai harhaɗa magunguna shi ne mai ciwon suga da ke cikin tafiyar, galibi Baba ko Hajiya. Ya saba shan magani kafin abinci, sai ya haɗiye shi a ɗakin otal, yana ganin nan da minti 15 an zauna cin abinci. Ga jiran keke, ga cunkoso, ga mai gashi da sai kun zaɓi kifi sannan zai yanka ya ɗora a wuta, wanda shi kaɗai kan ci rabin awa ko fiye. Maganin kuwa ya riga ya fara aiki a ciki babu komai. Glibenclamide da allurar insulin ta lokacin abinci su ne suka fi jefa mutum cikin wannan hali, metformin shi kaɗai ba kasafai yake yi ba. Idan ka ga yana gumi, hannu na karkarwa, yana jin jiri ko ya fara magana ba kan gado, suga ne ya faɗi. Ba shi ƙwayar sukari uku ko huɗu, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa.

Mafita ita ce a tafi da maganin a jaka, a sha shi lokacin da aka ga abincin ya kusa sauka. Kifi zalla kuma ba ya riƙe suga, a haɗa da doya ko dankali. Insulin ba ya son zafin da ya wuce digiri 30, Minna kuwa a watan Maris da Afrilu takan kusanci 40. A sa shi a ƙaramar kula mai sanyi, a naɗe da tsumma don kada ya taɓa ƙanƙara, saboda daskarewa ma lalata shi take yi.

Da kun isa, yara za su nufi ruwa. Hana su, ko da tsoma ƙafa ne. Ruwan da ke kwance a madatsu da gefen kogi shi ne gidan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata ba tare da an ji ba. Sai bayan makonni ko watanni a ga jini a ƙarshen fitsari, lokacin kowa ya manta da Minna. Har yanzu akwai iyayen da ke ɗaukar wannan a matsayin alamar balaga ga ɗa namiji, alhali cuta ce mai lahanta mafitsara. Maganinta praziquantel ne, ana bayarwa gwargwadon nauyin yaro bayan gwajin fitsari.

Kifin a tabbatar ya gasu har ƙashi. Ɗanyen kabejin da ake barbaɗawa a kai ni dai tsallake shi nake yi, tunda ban ga ruwan da aka wanke shi da shi ba.

Lokacin da na fi so shi ne a fita bayan la'asar, a tashi kafin duhu. Sauron zazzaɓin cizon sauro daga faɗuwar rana yake fara farauta, bakin ruwa kuwa unguwarsa ce. Mai juna biyu da ƙananan yara su sa dogayen kaya, a shafa man korar sauro a ƙafa da hannu, amma jaririn da bai kai wata 2 ba a lulluɓe shi da raga kawai. Wanda ya yi zazzaɓi mako guda ko biyu bayan komawa gida, a yi masa gwajin jini kafin a sayo magani, kuma a faɗa wa likita inda aka je.