Allon farashin Shikago da abin da ba a nuna wa yaranmu

Malamai ƴan uwana da iyaye, akwai wani allo da ya shigo gidajenmu ba mu sani ba. Za ka ga saurayi ya gama lise, ko sabon malamin kwantaragi da ke jiran albashi, ya duƙufa kan salula, wasu sanduna ja da kore masu kama da kyandir na hawa suna sauka a gabansa. In ka tambaya sai ya ce kasuwa yake ci. Ba ƙarya ya yi ba, kasuwar tana nan, amma a Amurka take, kuma ba don irinsa aka gina ta ba.

An kafa kasuwar hatsi ta Shikago a 1848. Manoman masara da alkama suna kawo kaya gaba ɗaya da kaka farashi ya faɗi, da bazara kuma ya yi tsada, abin da duk mutumin Maraɗi ya sani ba sai an karantar da shi ba. Sai aka fito da kwangilar gaba: a yanke farashi yau, a kawo kaya wata kaza. Har yanzu kwangilar masara guda ɗaya tana ɗauke da kusan tan 127. Daga baya, a 1973, aka buɗe kasuwar haƙƙin zaɓi, wadda ta yi kama da kafin alƙalami: ka ba da kuɗi kaɗan don a riƙe maka farashi zuwa wata rana, in ranar ta zo ba ka saya ba, kuɗinka sun tafi. Tun 2022 ana samun irin wannan zaɓi a kan ma'aunin manyan kamfanonin Amurka 500 wanda wa'adinsa ke cika kowace ranar aiki. Ka saya da rana, kafin ka kwanta ya mutu.

A hutun bana ɗan yayata ya roƙe ni in taya shi shirya irin wannan allo a kwamfutarsa, wai ni ne mai lissafi a gidan. Na yarda, da sharaɗin kada a sa ko dala, mu yi da asusun gwaji. A makarantar horon malamai an koya mana cewa kafin ka ɗauki alli sai ka raba allo: nan kwanan wata, nan darasi, nan abin da ba a sharewa. Haka na yi masa.

A sama muka sa agogo biyu, namu da na New York. Kasuwar hannun jari ta can tana buɗewa da ƙarfe 2:30 na rana agogon Nijar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni 3:30. Kusa da agogon muka sa jadawalin sanarwa, don farashi ya fi yin tsalle a minti ɗin da gwamnatinsu ta fitar da alƙaluma. Rahoton guraben aiki, alal misali, yakan fito ranar Juma'ar farko ta wata, kuma a watannin damina yana faɗowa 1:30, daidai lokacin da muke haramar masallaci. A tsakiya muka sa zanen kyandir na kaya huɗu kawai, masara, mai, zinariya da ma'aunin kamfanonin nan. Shi ashirin ya so. Na ce ko aji in ya wuce ƙima malami ba ya ganin kowa.

Sashen da na fi daɗewa a kai shi ne wanda masu talla a Facebook da TikTok ba sa nunawa. Na farko, tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa: da ka shiga, ka riga ka yi asararta. Na biyu, lokaci. Zaɓi mai gajeren wa'adi kamar ƙanƙara yake a hannun yaro mai talla da azumi, ko farashi bai motsa ba tana narkewa, kuma ta fi saurin narkewa gab da ƙarshe. Na uku, ninki. Dillali zai bar ka ka riƙe kayan miliyan ɗaya da jika hamsin, wato ninki 20. Na ba yaron alli na ce ya lissafa: in farashi ya sauka kashi 5 cikin 100, nawa ya rage? Ya yi shiru, don amsar sifili ce. Sannan ga wani abu da ya ba shi haushi: farashin da ake bayarwa kyauta sau da yawa yana makara da minti 10 ko 15, alhali waɗanda yake gogayya da su kwamfutocinsu na ajiye a gini ɗaya da na kasuwar. Mu kuwa sau biyu wuta ta ɗauke mana a yammacin.

Ba tsoron ƙauye ke sa ni magana ba. Hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Faransa ta bi asusun kusan mutum 15,000 masu cinikin canjin kuɗi da makamancinsa ta intanet, daga 2009 zuwa 2012, ta tarar kashi 89 cikin 100 asara suka yi, kowane ɗaya kusan yuro 10,900 in an raba, wato sama da sefa miliyan 7. A 2018 Tarayyar Turai ta hana sayar wa ƙananan masu ciniki zaɓin nan na "zai hau ko zai sauka", wanda shi ne aka fi tallata wa yaranmu. Ko ƙwararru kasuwar na kayar da su: ranar 20 ga Afrilu 2020 kwangilar gangar man Amurka ta rufe a dala 37 ƙasa da sifili, mai kaya ne ke biya a karɓa. Iyayen da za su tambayi hukunci kuwa, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1992 ta ce cinikin haƙƙin zaɓi yadda ake yinsa a waɗannan kasuwanni bai halatta ba. Ya sha bamban da salam, inda ake biyan kuɗi duka a jira kaya.

Ban ce a ƙwace salula ba; wanda aka ƙwace wa zai ara. Na fi son uba ya zauna ya ce, "Ɗana, nuna mini inda aka rubuta iyakar abin da za ka iya rasawa yau, kuma kuɗin wa ne." In babu wannan layi a allon, to ba a gama shirya shi ba.

Abin da na ɗauko wa ajina shi ne tsarin, na bar cinikin. Yanzu a gefen da ba a sharewa muna rubuta farashin tiyar hatsi da ta wake kowane mako, wanda yara suka jiyo a kasuwa da wanda SIMA ke bayarwa. Daga Oktoba zuwa Yuni layin zai zana kansa, da shi za mu yi darasin kashi cikin ɗari, mu lissafa ko manomin da ya ajiye buhunsa a sito ya karɓi bashin warantaj ya ci riba bayan an cire kuɗin ajiya da na ruwa. Wata yarinya ta riga ta tambaye ni dalilin da ya sa babanta ke sayarwa a Nuwamba alhali ya san zai sake saye da tsada a Yuni. Na ce ta tambaye shi, ta kawo mana amsar ranar Litinin.