Ranar da Baba ya sauke mu daga jirgin ruwa a Yawuri

Mu 'yan Ƙaura Namoda a baki kawai muka san jirgi. Muna da tashar jirgin ƙasa, a garinmu ne ma layin dogon da ya taso daga Zariya ya biyo ta Gusau ya ƙare tun 1929, amma ni tun da na yi wayo ban taɓa shiga ba. Ruwa kuwa, gulbin Gagare ne namu, wanda ke cika da damina, da rani ya koma yashi mu buga ƙwallo a cikinsa. Saboda haka ranar da Baba ya ce in na yi abin kirki a jarrabawar zangon farko na aji biyar na sakandare zai kai mu Yawuri wurin Gwaggo mu shiga jirgin ruwa, kuma ya saya mini takalmin ƙwallo, sai na kama karatu kamar ba ni ba.

Allah Ya taimake ni na zo na huɗu. A hutun Disambar 2023 muka shirya, mu biyar: Baba, Mama, ni, ƙanena Sani mai shekara 11, da autarmu Nana mai shekara huɗu. Daren tafiya Mama ta kira ni ɗaki. Da yake ni ne ɗan fari ba ta faɗin sunana, sai ta ce, "Yayan Nana, zauna. Daga nan har mu dawo, hannun yarinyar nan a hannunka yake. Ni ina da kaya, mahaifinku yana da lissafin hanya. Kai aikinka ita." Na ce to, ina ganin abin wasa ne.

Ba mu yi sammako ba, domin duk wanda ke bin hanyoyinmu a wannan zamani ya san ba a fita da duhun asuba, ba a kuma yarda dare ya yi wa mutum a daji. Sai da hantsi ya ɗaga muka hau mota zuwa Gusau, daga nan muka bi ta Talatar Mafara muka kwana a Sakkwato. Washegari muka bi ta Tambuwal da Jega da Koko har Yelwan Yawuri.

A wannan hanya na fara gane cewa tafiya da ƙaramin yaro daban take. Ba mu kai Gusau ba Nana ta tambaye ni "Yaya, mun zo?" ya fi sau goma. Bayan Tambuwal ta yi amai a jikin rigata ta Sallah. Kafin Koko ta ce fitsari, direba yana tsaki, fasinjoji suna ba shi haƙuri. A nan na ga amfanin jakar da na yi wa Mama dariya a kanta: ruwa, dabino, lemun tsami, leda, tsumma, kayan canji kala uku da hular sanyi. Babu abin da ya dawo gida ba a taɓa shi ba.

Da la'asar mijin Gwaggo ya kai mu bakin kogin Neja, wanda mutanenmu na da ke kira Kwara. Na tsaya na rasa abin faɗa. Hazon hunturu ya rufe ɗaya gaɓar, ruwa ne iya ganinka. Nana ta ƙanƙame ƙafata ta ce, "Yaya, wa ya zubar da wannan ruwan?" Duk muka yi dariya. Baba, wanda malamin makaranta ne, ya durƙusa ya ce mata, "Har da ruwan garinmu a ciki." Na ɗauka lallashi ne, sai ya zana mana a kan yashi da tsinke. Gagare ya gangara ta wajen Shinkafi, garin su Mama. Shi da gulbin Bunsuru da ya biyo ta ƙasar Zurmi, garin kakanmu, duk Rima suke zubawa. Rima ya haɗu da gulbin Sakkwato, su wuce Argungu da Birnin Kebbi, su faɗa Neja a sama da Yawuri. Ashe ruwan da muke wanka a cikinsa da damina ya daɗe da sanin hanyar da muka kwana biyu muna bi a mota.

Ranar da muka tsayar don shiga jirgi ta faɗo ranar da mutanen ƙetare ke komawa gida da sayayyarsu. Mashigin ya cika maƙil. Jirgin katako ne dogo mai inji a baya. Ana ta loda buhunan hatsi, babura biyu, awaki, jarkokin mai, ga mata da goyo. Baba ya biya kuɗin fito na mu biyar. Ni na riga kowa shiga, na samu wuri a kan wani buhu, na ɗora Nana a cinya. Sani ya zauna kusa da ni. Har na fara tunanin yadda zan ba abokaina labari.

Baba bai shigo ba. Ya tsaya a bakin ruwa yana kallon gefen jirgin. Can sai ya sunkuya ya auna da hannunsa: tsakanin ruwa da bakin katakon bai kai taƙi ɗaya ba, kuma ba a gama lodi ba. Wani yaro kuwa na ta kwashe ruwa daga cikin jirgin da yankakkiyar jarka. Baba ya tambayi mai fito ko akwai rigar kariya daga nutsewa. Ya nuna masa guda uku ko huɗu a rataye, duk na manya. Baba ya ce, "Ta yarinya fa?" Mutumin ya yi dariya ya ce, "Malam, mu a ruwan nan aka haife mu. Kowa da ranarsa."

Baba ya juyo ya ce, "Bashiru, miƙo mini Nana. Ku fito."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sai da muka tsallake buhuna da ƙafafun mutane kafin mu fita, ana ta kallonmu. Wani saurayi ya ce, "Baƙi ne, tsoron ruwa suke ji." Wata tsohuwa ta ce, "Ku ƙyale shi, uba ne." Mai fito ya mayar da rabin kuɗin ya ce sauran sun shiga lissafi. Baba ya karɓa bai ce uffan ba. Nana ta faɗi a yashi tana birgima tana kuka ita sai jirgi. Ni kuwa na haɗe rai, har muka koma gida ban yi wa kowa magana ba.

Bari in faɗi gaskiya, domin nan ne abin ya fi ci mini rai: babu abin da ya sami jirgin nan. Ya kai mutanensa lafiya, washegari ma mun gan shi a mashigi. Da daddare na kasa haƙuri na ce, "Baba, ai da mun tafi da yanzu mun dawo." Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni ko na iya ruwa. Na ce na iya na Gagare. Ya ce, "Wanda ke kai maka ƙirji. To in jirgin ya kife a tsakiya, da wane hannu za ka yi iyo, da wane hannu za ka riƙe Nana?" Na yi shiru.

Sai ya ba ni labarin abin da ya faru a wannan kogi a watan Mayun 2021. Wani jirgi ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara da ke Ƙaramar Hukumar Ngaski, kudu da inda muke zaune, ɗauke da mutum fiye da 150. Ya tarwatse a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira. Ya ce, "Shi ma wancan jirgin ya sha kai mutane lafiya kafin ranar. Jirgin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa zai iya zuwa sau ɗari ya dawo. Ba ni da hanyar sanin ko yau ce ta ɗari da ɗaya. Ƙaddara gaskiya ce, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali."

Mijin Gwaggo ne ya samo mafita. Yana da aboki Basarke mai ƙaramin jirgi da inji, wanda ya yarda ya ɗauke mu shata da safe kafin iska ta taso. Ya kuma zagaya har ya aro riguna na kariya, aka samu wata ƙarama da ta yi wa Nana daidai bayan an ɗaure igiyoyinta. Kuɗin shatar ya ninka na fito sau da yawa. Baba ya kira ni gefe ya ce abin da ya rage a aljihunsa bayan kuɗin motar komawa shi ne na takalmina, in zaɓa. Na haɗiye yawu na ce a shiga jirgi.

Mun yi kusan awa biyu a kan ruwa. Basarken ya nuna mana gungu, wato tsibirin da ke tsakiyar kogi, ya ce daga nan sunan Gungawa ya samo asali. Ya nuna mana masunta na jefa birgi, da gonakin albasa a bakin gaɓa, da wani lungu da ya ce dorina na fitowa, ya kauce masa nesa. Baba ya ƙara mana da cewa faɗin ruwan nan ya ƙaru ne bayan an gama madatsar Kainji a 1968, lokacin da ruwa ya cinye garuruwa da gungaye da yawa aka sake wa dubban mutane matsuguni. Tsohon garin Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya mutu a 1806 bayan ya wuce ta Yawuri, yanzu yana ƙarƙashin tafkin. Abin da na haddace don jarrabawa na gan shi da idona.

Nana kuwa ba ruwanta da Mungo Park. Ita tsuntsaye take ƙirgawa, tana yi wa kowane kwale-kwale bai-bai. Muna hanyar dawowa ta cire takalminta ɗaya tana kaɗa shi a gefen jirgi, sai ya suɓuce. Kafin in kifta ido ta zabura ta bi shi, rabin jikinta ya fita waje. Hannuna na cikin igiyar bayan rigarta, inda Mama ta ce in sa shi tun da muka zauna. Na fizgo ta ta faɗo jikina. Mama ta yi salati. Takalmin ya tafi yana lilo a kan ruwa, Nana na kuka tana nuna shi, ni kuwa gwiwoyina na rawa.

Abin bai kai daƙiƙa biyu ba. A nan na tuna inda na zauna jiya: a kan buhu, an matse ni ta kowane gefe, ruwa na dab da bakin katako, ita kuma ba komai a jikinta da zan kama sai 'yar rigar atamfa. Ban ce wa Baba komai ba, shi ma bai ce mini "ka gani?" ba. Da muka sauka sai ya dafa kafaɗata kawai.

Bayan wata tara, a Satumbar 2024, muka ji a rediyo cewa kwale-kwale ya kife da manoma a Gummi, nan jiharmu ta Zamfara, suna hanyar zuwa gona, gomman mutane sun rasu. Allah Ya jiƙansu. Su ba yawon hutu suka fita ba, neman abinci ne, kuma da yawa daga cikin masu shiga irin wannan jirgi ba su da zaɓin da mu muka samu. Haka 'yan uwanmu na ƙauyukan Shinkafi da Zurmi da ke ƙetare gulbi da damina. Shi ya sa ba na ganin laifin fasinjojin da suka yi mana dariya. Wanda zai koma gida da buhunsa ba shi da kuɗin shata. Abin da ya kamata shi ne a samu rigunan kariya a kowane mashigi, har da na yara, a kuma samu mai hana lodin da ya wuce ƙima.

Wani abokina ya taɓa nuna mini bidiyon manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido na Turai da Amurka, waɗanda iyali ke shiga da 'ya'yansu su yi mako guda a kan teku. Wasunsu na ɗaukar fasinja fiye da 5,000, da ɗakunan kwana da wuraren wasan yara. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, duk girmansu, doka ta tilasta a nuna wa kowane fasinja yadda ake sa rigar kariya da inda zai taru in an shiga haɗari, kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi, kuma dole a tanadi na yara. Asalin waɗannan dokoki shi ne nutsewar Titanic a 1912, inda mutum fiye da 1,500 suka mutu, kuma ƙananan jiragen ceton da ke ciki ba su isa kowa ba. Ashe tambayar da Baba ya yi a mashigin Yawuri aka yi masa dariya, doka ce a kan teku.

'Yan uwana ɗalibai, hutu na zuwa, wasunku za su je ganin dangi a garuruwan bakin ruwa, kuma ku za a ba riƙon ƙanne. Kafin ka shiga jirgi dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da bakinsa. Tambayi rigar kariya, taka da ta ƙaninka, ko da za a yi maka dariya. Kada ka yarda da tafiyar dare ko lokacin da hadari ya haɗo. Zaunar da yaro a tsakiya, hannunka a jikinsa har ku sauka. In kuma babba ya ce a fito, ka fito, ka ajiye fushin sai an je gida.

Takalmin ƙwallo sai da Babbar Sallah na same shi. Ɗaya ƙafar takalmin Nana kuwa tana nan a cikin kwabar Mama. Yanzu ta shiga firamare, kuma duk wanda ya tambaye ta ina ɗayan, sai ta ce kifin Yawuri ne ya ara, in mun koma zai ba ta.