Liba a Napoli, Maɓalli a Milan

Duk faɗin Italiya ana shan kofi iri ɗaya, ɗan kurɓin nan baƙi mai kumfa da suke kira espresso, amma injin da ke tace shi ya sha bamban tsakanin arewa da kudu. A Milan maɓalli ake dannawa. A Napoli kuwa har gobe shaguna da yawa da liba suke aiki, wani dogon hannun ƙarfe da mai haɗa kofi ke jawowa ƙasa da ƙarfin damtsensa.

Abin mamaki, asalin libar daga Milan ne. Achille Gaggia ya yi mata rajista a 1947, ta yi tashe, har zuwa 1961 da kamfanin Faema ya fito da injin E61 mai famfon lantarki. Mutanen arewa suka rungumi famfo. Na Napoli suka ce su dai ba su ga abin canji ba.

Idan an jawo libar, wani ƙaƙƙarfan sifirin ne ke matsewa a ciki, ruwan zafi ya cika gurbin da ke ƙarƙashin fistin, wato abin da ke danna ruwan. Da an sake ta, sifirin ya tura ruwan ta cikin garin kofi. Garin nan da aka danne shi ne birkin kawai. In aka manta ba a zuba ba, ko ruwa bai shiga ba, libar kan tashi da gudu ɗaya, kuma haɓar mutum na kan hanyarta. Wanda ya taɓa ganin handul ɗin injin niƙa ya ƙwace ya san irin dukan. Shi ya sa gwanayen Napoli ke kauce kai gefe, su raka libar da hannu har sai ta kama ruwa. Haka nan ba a cire mariƙin garin sai liba ta gama hawa, domin tsofaffin injinan ba su da bawul ɗin sakin matsi irin na E61. Mai garaje zai sha feshin gari mai ƙuna.

Ke nan Milan ta danƙa wa inji tsaron ma'aikaci, Napoli ta bar shi a hannun horo. Hujjar mutanen Napoli ɗanɗano ce: matsin sifirin yana farawa da ƙarfi, ya riƙa sassautawa, kuma suna cewa hakan ke rage ɗaci. Ban musa ba, kofinsu akwai daɗi. Sai dai gwanin da ya shekara ashirin a bakin inji ba shi ne abin ji ba. Sabon yaron shago ne, da safe, layi ya yi tsawo, kowa na kiran nasa.

Kamfanin La San Marco, wanda injinansa suka cika shagunan Napoli, ya ƙera wani birki mai suna CLASS da ke rage gudun libar in ta tashi ba gari. Ɗanɗanon bai taɓu ba, tunda birkin ba ya shiga aikin sifirin yayin tacewa. Duk mai shagon da zai sayi sabon inji ya tsallake irin wannan, a ganina rowa ce kawai yake wa haƙoran yaransa.