Shawara Ɗaukar Ɗaki

Mutum ya gama ajin yaƙi da jahilci, hannunsa ya faɗa, ya zauna ya rubuta ɗan labari na ƙauyensu. Sai ya kai wa wani malami ya duba. Malamin ya ce, "Ɗana, wannan rubutu ba gishiri. Ƙara karin magana da kalmomin Larabci, domin a san mai ilmi ne ya yi shi." Kashegari ya kai wa malamin makarantar boko, shi kuwa ya ce, "Malam, rage ado. Rubuta kamar yadda kake magana da maƙwabcinka a zaure." To, ga shawara biyu, kowace daga bakin mai gaskiya, amma sun yi hannun riga. A nan ne mutane da yawa ke jefar da alƙalami, su ce rubutu ba nasu ba ne. Wannan kuwa asara ce babba.

Wannan ruɗami ba yau ya fara ba. A 1933 Rupert East, shugaban ofishin talifi na Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta littattafan hira da Hausar boko, aka sa gasa. A wancan zamani malamai da yawa suna ganin littafi na addini ne, da shari'a da tarihi, tatsuniya kuwa aikin mata da yara ne da dare. Duk da haka waɗansu suka amsa, aka sami Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, wanda a lokacin yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Malam Abubakar Imam ya tashi cikin karatun allo da Larabci, ya kuma yi na boko, saboda haka hanya biyu ke gabansa. Da aka kawo shi Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turawa. Bai ƙi su ba, bai kuwa kwafe su yadda suke ba. Ya ɗauki ƙashin labari, ya sa masa rigar Hausa, da sarki da waziri da fadawa irin waɗanda kowa ya sani, har littafi uku suka cika. Da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aikin ya zama na kai labari ga talaka a fili. Idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Saboda haka mai rubutu in shawarwari sun saɓa masa, sai ya auna su da abu uku. Na farko, wa zai karanta? Takarda zuwa ga alƙali daban take da hira ta yara. Na biyu, wace cuta kowane mai shawara yake yi wa magani? Wanda ya ce a ƙara karin magana ya ji rubutu ya yi lami ne, wanda ya ce a rage ado ya ga ma'ana ta ɓace ne. Sau da yawa dukansu suna da gaskiya, sai dai kowa da shafin da ya duba. Na uku, ya karanta abin da ƙarfi gaban irin mutanen da ya yi dominsu. Inda suka yi tsit suna saurare, wurin ya yi. Inda suka fara hamma ko suka ce "Me ka ce?", nan gyara yake.

Shawara ɗaukar ɗaki ce, sai an taru ake ɗaga jinka. Amma bayan masu taimako sun watse, mai ɗaki shi zai kwana ciki, shi ne kuwa ya san inda yake yoyo. Ya gode wa kowa, ya ɗauki abin da ya dace da masu karatunsa, ya ci gaba da rubutu.