Safiya a kufan Karnak: abin da ya halatta ga mai ziyara da abin da bai halatta ba

Godiya ta tabbata ga Allah Mai gadon ƙasa da abin da ke bisanta, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ku ƴan'uwa, tambaya guda ta yawaita a kwanakin nan daga iyayen da ƴaƴansu ke karatu a Masar. Yaro ya samu hutu, ya tafi kallon gine-ginen Fir'aunoni, ya aiko da hoto yana tsaye tsakanin gumaka. Wani uban ya yi murna, wani kuma ya ɗaga murya har ya ce zai yanke kuɗin da yake aikawa. Na yi alkawari bayan sallar isha'i cewa zan rubuta amsa a natse, domin magana irin wannan ba ta ƙarewa a tsaye bakin ƙofar masallaci. Amsata a taƙaice ita ce: hukuncin ziyarar yana rataye da abin da ya kai mutum, da abin da ya aikata a can, da abin da ya komo da shi a zuciyarsa. Tun da gani ya kori ji, zan ba ku labarin abin da na gani da idona.

Allah Ya ƙaddara mini zuwa Alƙahira a wata daurar limamai. Da aka ba mu hutun ƴan kwanaki, mu biyar muka shiga jirgin ƙasa na dare zuwa Luksor, garin da Larabawa ke kira Al-Uƙsur, a bakin kogin Nilu. Nisansa daga Alƙahira ya haura kilomita 600, kusan tafiyar Yamai zuwa Maraɗi. Mun kasance matafiya, ba mu yi niyyar zaman kwana huɗu ba, saboda haka muka riƙa yin ƙasaru a salloli masu raka'a huɗu, kamar yadda yake a mazhabarmu ta Malikiyya. Ja-goran da muka ɗauka, Bamisire ne Musulmi, ya ce sai mu yi sammako, domin ana buɗe wurin da sassafe, kuma da hantsi ya ɗaga zafin rana da cunkoson baƙi ba za su bar mu mu ga kome ba. Muka ce masa mun yarda, da sharaɗin sai mun sallaci asuba cikin jam'i mun gama azkar ɗinmu. Wannan shi ne hukunci na farko, kuma ya fi sauran sauƙin ganewa: duk yawon da zai ci lokacin salla ya ɓaci tun daga tushe.

Mun isa Karnak rana ba ta gama fitowa ba, iska na da sanyi. Abin da ya fara tarbar mu layuka biyu ne na gumaka masu jikin zaki da kan rago, domin rago alama ce ta abin bautarsu da suke kira Amun. Bayansu akwai wata ƙofa mai bango biyu, faɗinta ya haura mita 100. Da muka shige ta, ja-gora ya juyo da mu ya nuna mana tulin tubalin laka jingine da bangon ta ciki. Ya ce wannan shi ne tudun da magina ke jan duwatsu a kansa zuwa sama, kuma da an gama aikin da an kwashe shi. An yi kimanin shekara 2000 ana gina wannan gidan bauta, sarakuna wajen 30 kowa ya ƙara nasa, amma ƙofar shigarsa ba a ƙarasa ta ba har yau. Na daɗe ina duban tubalin nan. Irinsa ne muke bugawa a bakin tafki a garuruwanmu. Wata rana magina sun sauka da nufin su dawo, ba su dawo ba, kuma yau fiye da shekara 2300 ke nan.

Daga nan muka shiga zauren ginshiƙai. Ginshiƙi 134 ne na dutse, 12 na tsakiya tsawon kowane ya kai mita 21, sai wajen mutum shida sun haɗa hannu kafin su kewaye guda. Sarki Seti na Ɗaya da ɗansa Ramsis na Biyu ne suka yi mafi yawan aikin, shekaru fiye da 3200 da suka wuce. Hasken safiya na ratsowa tsakaninsu, kuma a can sama inda rana ba ta bugu ba har yanzu ana ganin sauran launin da suka shafa. Ba zan ɓoye muku ba, aikin ya cika ido. Wanda ya ce mutanen nan ba su da hankali ko ilimi bai ga wurin ba. Suna da lissafi, suna da tsari, suna da haƙurin aikin da jika ke ƙarasa abin da kaka ya fara. Alƙur'ani da kansa ya shaida cewa waɗanda suka gabata sun fi ƙarfi, sun fi barin alamomi a bayan ƙasa, kuma ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a duba yadda ƙarshensu ya kasance. Abin da suka rasa shiriya ce, ita kuwa ba a samun ta da ƙarfin dantse.

Kowane ginshiƙi cike yake da sunayen sarakuna. Ja-gora ya sa yatsunsa cikin sunan Ramsis na Biyu, suka shige har gaɓa, ya ce an zurfafa sassaƙar ne don kada wani ya kankare, saboda shi kansa ya sa sunansa a kan ayyukan waɗanda suka riga shi. Gaba kaɗan akwai dogon dutse mai tsini na sarauniya Hatshabsut, tsawonsa kusan mita 30, dutse guda ne ba haɗi, an sassaƙo shi daga Aswan, kimanin kilomita 200 a kudu, aka kawo ta ruwa. Bayan mutuwarta aka bi sunanta da siffarta ana gogewa a wurare da yawa. Waɗanda ba a goge ba ma, rubutun kansa ya mutu: an yi shekaru fiye da 1000 babu mahalukin da ya iya karanta shi, sai a 1822 wani Bafaranshe mai suna Shamfoliyon ya gano mabuɗinsa. Ku duba wannan, jama'a. Mutum ya kashe dukiyar ƙasa don sunansa ya tabbata, sunan ya zauna a dutse, masu wucewa suna ganinsa kamar zanen ado.

Ɗaya daga cikinmu ya tambaya ko Ramsis shi ne Fir'aunan Annabi Musa, alaihis salam. Ja-gora ya ce haka mutane da yawa ke faɗa. Ina jan hankalin ɗalibanmu a nan: Alƙur'ani bai ambaci sunan wannan Fir'auna ba, kuma Fir'auna laƙabin sarauta ne da sarakuna masu yawa suka ɗauka. Kada wani ya ɗauki hoton gawa ko gunki ya watsa a waya yana rantsuwa cewa shi ne. Darasin da ke cikin ƙissar bai dogara da sanin sunan ba.

Sai muka fito bakin wani tafki mai kusurwa huɗu da aka gine da dutse, inda masu hidimar gidan ke wanka kafin su shiga bauta. A gefensa akwai wani dutse da aka sassaƙa buzuzu a kansa, tun zamanin sarki Aminhotab na Uku. Sun ga buzuzu na mirgina kashin dabba, sai suka riƙe shi alamar abin da ke turo rana kowace safiya. A nan na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Baƙi sun yi layi suna kewaya dutsen nan, suna ƙirgawa. Ja-gora ya ce, yana murmushi, wanda ya kewaya sau bakwai zai samu biyan buƙata, ko aure, ko haihuwa. A cikin masu kewayawar akwai Turawa, akwai kuma mata masu lulluɓi da samari masu sunayen Musulmi, suna dariya wasu na ɗaukar su a waya.

Na ce masa: «Ya ɗan'uwa, kai ka yarda da wannan?» Ya ce: «A'a wallahi, ya Shaihi, wasa ne kawai, baƙi na son sa.» Na ce masa, cikin ladabi, kewaya abu sau bakwai da fatan biyan buƙata sunansa ɗawafi, kuma ɗaki guda ne a duniya aka shar'anta a yi masa haka. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce mu wuce gaba. Ban zarge shi da kafirci ba, kuma ba na zargin yaran nan da shi. Wanda ya kewaya yana ƙudurce cewa dutsen na amfanarwa ya faɗa shirka. Wanda ya yi don wasa bai kai can ba, amma ya kwaikwayi ibada a gaban gunki, kuma wannan ba abin wasa ba ne ga mai tauhidi. Ku tuna a hanyar Hunaini, wasu sababbin shiga Musulunci sun ga itaciyar da mushrikai ke rataya makamansu don neman albarka, suka roƙi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sanya musu irinta. Ya yi musu inkari mai tsanani, ya kamanta roƙonsu da na Bani Isra'ila da suka nemi Annabi Musa ya yi musu abin bauta bayan an tsirar da su daga Fir'auna. Sayyidina Umar kuwa, a gaban Hajarul Aswad kansa, ya bayyana cewa dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, yana sumbatarsa ne don bin Annabi kawai. In haka ne matsayin dutsen Ka'aba, ina ga buzuzu?

Iyayen da suka tsananta suna da hujjar da ya wajaba a saurara. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, da Annabi ya biyo ta Hijir, gidajen Samudawa, ya hana sahabbai shiga sai suna masu kuka, ya rufe kansa ya gaggauta tafiya, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗiba a rijiyoyinsu. Wannan ya shafi wurin da azaba ta sauka a kan mutanensa, kuma ko a can an bar ƙofar shiga ga mai tsoron Allah. Game da sauran kufai, Amru ɗan Asi ya buɗe Masar a zamanin Sayyidina Umar, sahabbai suka zauna a ƙasar, gine-ginen nan kuma suka wanzu har zuwa yau. Abin da hadisin Hijir ke koya wa kowane mai ziyara shi ne halin da zai shiga da shi: natsuwa da tunani, ba shewa da tsalle-tsalle ba.

Da hantsi muka nufi ɗaya gidan bautar da ke tsakiyar garin Luksor. Wata hanya mai gumaka dama da hagu, tsawonta kusan kilomita 3, ita ta haɗa shi da Karnak, an sake buɗe ta a 2021. A ƙofarsa dogon dutse mai tsini guda ne ke tsaye, gurbin ɗan'uwansa babu kome, domin an kai shi birnin Paris an kafa shi a 1836. A cikin farfajiyar, bisa ginshiƙan Ramsis, akwai masallacin Abul Hajjaj, wani malami da ya rasu a ƙarni na 7 na hijira. Lokacin da aka gina shi ƙasa ta binne mafi yawan ginin Fir'auna, shi ya sa da aka tone wurin tsohuwar ƙofarsa ta zama a sama, can nesa da ƙasa. Muka zauna har aka kira azahar. Na ji ladani yana shaida kaɗaituwar Allah, muryarsa na bugun duwatsun da aka sassaƙa don wanin Allah. Sarakunan da suka yi ginin babu mai bauta wa gumakansu a yau, amma ana salla sau biyar a bisa aikinsu.

To, ga abin da nake ba iyaye da ɗalibai shawara da shi. Ziyarar kufai don ilimi da wa'aztuwa ta halatta, kuma mai kyakkyawar niyya yana iya samun lada. Kada ta ci lokacin salla. Kada a shafi dutse, ko a kewaya shi, ko a ɗebo ƙasar wurin don neman albarka, ko da sunan wasa. Kada a sayo ƙananan gumaka da layun buzuzu da ake tallarsu a bakin ƙofa a kawo su gida. Kada a ci bashi ko a taɓa kuɗin karatu saboda ita. Uba kuma, kafin ya yanke hukunci a kan hoto, ya tambayi ɗansa me ya gani, me ya fahimta. Amsar yaron za ta nuna masa ko akwai abin gyara.

Mafi yawanmu ba za mu je Luksor ba, kuma ba a wajabta mana ba. Wanda ya wuce ta ragowar ganuwar Birnin Damagaram, ko ya ga kufan Asode a Abzin, ko kangon gidan kakansa a ƙauye, ya ga abin da ya isa ya tuna masa cewa gini na daɗewa fiye da mai shi. Abin da ya fi kusa da mu ma shi ne mu duba namu buzuzun: gindin tsamiyar da ake kai wa farar kaza a ɓoye, da kushewar da ake ɗibar ƙasarta, da layar da ba a san abin da ke cikinta ba. Haka kuma wanda ya gina masallaci ko ya haƙa rijiya ya binciki zuciyarsa lokacin da yake cewa a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a bango. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya sa mu cikin masu gani su wa'aztu, Ya tsare mana tauhidinmu da na zuriyarmu, Ya dawo da ƴaƴanmu da ke karatu a waje da ilimi mai amfani, Ya karɓi ƴan ayyukanmu ko da babu wanda ya san sunanmu. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.